Hanya ɗaya, lissafi uku: yadda wani mai keke a Zinder ya bi diddigin awon tudu da gangara

## Asalin lamarin: Nuwamba 2023

Mutumin malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a birnin Zinder, shekarunsa sun kusa arba'in, kuma shi ke riƙe da littafin wata fada ta masu keken motsa jiki. Su goma sha biyu ne. Duk Lahadi bayan sallar asuba sukan haɗu a bakin kwalta su kama hanyar Mirya, kilomita 18 zuwa, 18 dawowa, su komo gari kafin amalanke da motocin 'yan kasuwa su cika titi, tunda Lahadi ce ranar kasuwar Mirya.

A farkon Nuwamba 2023 wani Alhaji daga cikinsu ya ce duk wata zai sayi taya biyu ya ba wanda ya fi kowa tara hawa, wato jimillar mitocin tudun da ya hau. Hawa suka zaɓa ba nisa ba, don a ganinsu nisa kowa na iya tara shi yana lallaɓawa, tudu kuwa sai mai ƙafa. Kowa zai ɗauki hoton abin da manhajarsa ta nuna ya tura zauren WhatsApp, malam ya rubuta.

Da wata ya ƙare, ƙaraminsu, wani yaron mai walda, yana da mita 1,640 a Lahadi huɗu. Malam yana da 510. Alhaji, mai agogon hannu na motsa jiki, yana da 670. Alhali tare suke fita, tare suke dawowa, wani lokaci ma yaron ne ke can baya yana haki. Magana ta fara yawo wai yana ratsewa ya hau duwatsun bayan gari kafin ya kashe manhajar. Yaron ya rantse, aka ba shi tayoyinsa, amma zukata ba su kwanta ba.

Yanayin ƙasar na da hannu a cikin wannan rigima. Zinder na kan tsayin kimanin mita 460 daga saman teku. Akwai manyan duwatsu jibge a Birni da kewayen gari, amma hanyoyin da ke fita daga cikinsa 'yan tuddai ne da kwaruruka, a hau mita biyar, a sauka takwas, a miƙe. Babu dogon hawan da zai haɗiye kuskuren na'ura.

## Disamba 2023: na'ura uku a keke ɗaya

Ranar 10 ga Disamba malam ya karɓi wayar yaron ya sa a aljihun wandonsa, yadda yaron ke yi. Tasa wayar ya ɗaure a kan keke, agogon Alhaji kuma ya ɗaura a hannu. A nisa duka ukun sun yarda da juna, tsakanin kilomita 35.8 da 36.4. A hawa wayar yaron ta ce mita 415, ta malam ta ce 128, agogo ya ce 170. Mako na gaba aka ba Alhaji wayar yaron ya riƙe, ta ce 380. Nan zargi ya faɗi.

Wayar yaron ba ta da baromita, wato ma'aunin nauyin iska, kamar akasarin wayoyi masu sauƙin kuɗi. Tsayi take lissafawa daga taurarin GPS kaɗai, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200. Wajen gano inda mutum yake a shimfiɗe, taurarin na kewaye da shi gabas da yamma, kudu da arewa, kuskuren wannan na rage na wancan. Wajen tsayi kuwa dukkansu a sama suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashin ƙafa, shi ya sa kuskuren tsayi ya fi na shimfiɗa, sau ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye. Ƙa'idar da gwamnatin Amurka ta fitar a 2020 kan GPS na farar hula ta sa iyakar kuskure mita 8 a shimfiɗe, mita 13 a tsayi, a kashi 95 cikin ɗari na lokaci. Wayar da ke cikin aljihu, jikin mutum ya tare mata rabin sama, kuma an kunna mata yanayin tattalin batir, ta kan wuce haka.

Kuskuren kansa ba shi ne babbar matsalar ba, yadda ake tara shi ne. Mutum na tafiya a miƙaƙƙen wuri, waya ta ce 461, ta ce 465, ta koma 460, ta ce 464. Manhajar yaron duk ɗagawar da ta gani sai ta rubuta a hawa. Kamar mai awon gero ne da ke ƙirga duk tiyar da ya zuba a buhu, amma in ya kwashe ya sake zubawa sai ya ƙirga ta sabuwa. Cikin awa biyu ana karɓar lamba duk daƙiƙa, 'yan mitoci sun zama ɗaruruwa.

## Janairu 2024: kowa ya koma manhaja ɗaya

Maganin farko da aka gwada shi ne kowa ya sauke irin manhajar malam, wadda ke watsar da tsayin da waya ta auna, ta ɗora hanyar da aka bi a kan taswirar tsayin ƙasa. A Lahadin 14 da 21 ga Janairu wayoyi tara suka ba da tsakanin mita 118 da 136. Yaron ya sauko cikin jama'a.

Abu biyu suka hana a tsaya nan. Na farko, masu agogo uku, da yake agogunansu na da baromita, har yanzu suna sama da kowa da mita 30 zuwa 45, kuma sun ce ba za su yarda a yanke musu ba. Suna da hujja. Manhajojin da ke tsoron rawar GPS suna sa shinge kafin su ƙirga hawa. Manhajar masu motsa jiki ta Strava, alal misali, ta bayyana cewa in babu bayanan baromita sai hawa ya ɗore ya wuce mita 10 kafin ta sa shi a jimilla, in akwai kuwa mita 2 sun isa. A ƙasa mai tsaunuka wannan shinge ba ya cin komai. A hanyar da rabin tuddanta ba su kai mita 10 ba, ya kan share hawan da ƙafa ta ji shi sarai.

Na biyu, zanen tudu da gangara da manhajar ke fitarwa bai yi kama da hanyar ba. Wani wuri da titi ke bi ta gefen duwatsu a miƙe, ta nuna hawan kashi 9 cikin ɗari. Wani wuri da aka cike kwari aka ɗora kwalta a kan kwalbati, ta nuna an gangara an hauro. Yawancin irin waɗannan taswirori tushensu awon rada ne da kumbon Endeavour ya yi cikin kwana 11 a Fabrairun 2000, aikin da ake kira SRTM. Ya yanka doron ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin mita 30 a kan 30, da lamba ɗaya tak. Afirka ma sai daga 2014 aka saki mata na mita 30, kafin nan na mita 90 ake samu. Titi mai faɗin mita bakwai, in dutse ya faɗo gida ɗaya da shi, tsayin dutsen zai shafe shi. Manyan manhajoji na gyara taswirarsu da bayanan masu keken da suka bi hanya da baromita, to amma mutum nawa ne suka bi hanyar Mirya da irin wannan na'ura?

## Fabrairu 2024: kwamfutar keke da ƙurar hunturu

Malam ya yanke shawarar neman alƙali. Iyakar Najeriya na rufe a lokacin, Kano ba ta shiguwa cikin sauƙi, sai wani ɗan'uwansa a Yamai ya samo masa kwamfutar keke ta hannu mai baromita ('yar na'urar da ake ɗaurawa a kan keke ta riƙa auna tafiya), jika 45, ya aiko ta a motar fasinja. Ranar 4 ga Fabrairu ta ba da mita 150, ranar 11 ta ba da 146. Ranar 18 ta ce 112. Ranar 25 ta ce 61, lambar tsananin hawa, wadda ke nuna kashi nawa cikin ɗari hanya ta ɗaga, ta kafe a sifili a kan tudun da kowa ke miƙewa a kan feda, sai an wuce shi da nisa ta zabura ta nuna 6.

Ya goge ta ya sake saiti, bai yi amfani ba. Ya sabunta manhajar cikinta, haka. Ya kai wa wani mai gyaran waya a Kasuwar Dole, wanda ya juya ta ya nuna masa 'yan ƙananan ramuka a bayanta, sun toshe da jar ƙura da gumi ya dame ta ta daskare. Mai gyaran ya ɗauko allura, malam ya riƙe hannunsa, don bayan ramin akwai siririyar fata da ke barin iska ta shiga ta hana ruwa, in ta huje shi ke nan. A gida ya jiƙa na'urar a ruwa mai ɗumi-ɗumi na 'yan mintoci, tunda irin wadda ruwa ba ya shiga ce, ya girgiza ta, ya bar ta ta bushe a inuwa. Ranar 3 ga Maris ta ce 152.

Ya kuma gwada liƙe ramukan da salatif don kada ƙura ta koma. Wannan ya fi toshewar muni: iskar da aka kulle a ciki rana na dukanta tana kumbura, na'urar ta nuna yana ta gangarawa alhali yana tsaye a ƙofar gida. Ya ɓare. Abin da ya zauna a kai shi ne wanki duk bayan fita a lokacin hazo, da ajiye ta cikin 'yar jakar yadi.

A wannan watan ne ya lura da aikin iska. In ana tafiya Mirya ana fuskantar iskar hunturu, lambar tsananin hawa na rawa tsakanin hawa 2 da gangara 2 a wuri shimfiɗaɗɗe. Iskar da ke bugun abu da gudun kilomita 30 a awa na iya ƙara matsin da ya kai kwatankwacin mita uku zuwa huɗu na tsayi. Ya sunkuyar da na'urar yadda bayanta ba zai kalli iska kai tsaye ba, rawar ta ragu, ba ta ɓace ba.

## Maris zuwa Afrilu 2024: na'ura na hawa tana kan kanta

Azumi ya shigo, fita ta koma bayan la'asar, wasu kuma bayan asham. Masu waya suka ga layin tafiyarsu ya ƙara karkacewa da dare. Wannan sananne ne a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya: bayan faɗuwar rana sashen sararin sama da saƙon taurari ke ratsawa ya kan hargitse, musamman a shekarun da rana ke kan ganiyar tashin hankalinta, kuma 2024 na cikinsu.

Na malam daban ne. Ya fita daga ƙofar gidansa na'ura na cewa 460, ya dawo ƙofar nan tana cewa 451. Bayan salla suka yi doguwar tafiya ta hanyar Takeita, daga hantsi har bayan azahar, ya dawo ta ce 487. Gidan bai motsa ba.

Ranar 14 ga Afrilu bai fita ba. Ya kashe gyaran da na'urar ke yi wa kanta da GPS, ya sa mata 460 da ƙarfe 6 na safe, ya ajiye ta a kan kanta a ɗaki. Ƙarfe 10 ta ce 447. Ƙarfe 4 na yamma ta ce 480. Ƙarfe 10 na dare ta ce 456. Ya maimaita a ranaku biyu na makon, lambobin suka bi sawu ɗaya da bambancin mita uku zuwa huɗu.

Baromita ba tsayi take aunawa ba, nauyin iskar da ke kan mutum take aunawa, ta mayar da shi mita. Miliba ɗaya (da miliba ake ƙirga nauyin iska) na daidai da mita takwas da 'yan kai a bakin teku, a zafi da tsayin Zinder kuwa kusan tara. A ƙasashe masu zafi nauyin iska na da tashi da sauka na kullum da zafin rana ke jawowa: ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya faɗi wajen 4 na yamma da 4 na asuba. Faɗuwar hantsi zuwa la'asar ce mafi girma, miliba uku zuwa huɗu. Na'ura ba ta san bambancin iska ta yi sauƙi don an hau tudu da iska ta yi sauƙi don rana ta take ba. Mita 33 a awa shida ba komai ba ne ga mai hawan tsaunukan Faransa da ke tara dubu biyu a yini. Ga mai tara 150, kashi ɗaya cikin biyar ne.

Daga nan ya kafa wa kansa tsari: ya sa 460 da hannu a ƙofar gida kafin ya taka feda, ya rubuta abin da ta nuna da ya dawo, fita kuma a sa'a ɗaya kullum, a gama kafin ƙarfe 9. Ko 460 ɗin ba ita ce ainihin tsayin ƙofarsa ba, ba ta ɓata jimillar hawa, tunda bambanci ake tarawa.

## Mayu 2024: tiyon magina

Saura tsananin hawa. A wata hanyar burji da suke ratsewa a bayan gari akwai tudu mai tsawon mita 300 da ake gardama a kansa. Wayoyi sun nuna har kashi 11, kwamfutar malam ta tsaya a 7, kuma ba ta nuna shi sai an kusa kai ƙarshe.

Malam ya je wurin kawunsa, tsohon magini, ya roƙi aron farin tiyon da suke cika wa ruwa su daidaita gini.

"Tudu za ka auna da shi? Gida za ka gina a kai, ɗana?"

"A'a Kawu, na'ura nake so in kama da ƙarya."

"To ni zan riƙe baki ɗaya. Yaran nan naka za su bar kumfa a ciki, su ce tiyo ne ya yi ƙarya."

Ranar 12 ga Mayu da sassafe suka je da sanda biyu masu tsawon mita biyu, an zana musu santimita, da igiya mai mita 20. Kawu ya ɗaga tiyon ya bi shi da ɗan yatsa yana ƙwanƙwasawa har kumfar ƙarshe ta fita, ya ɗiga shuɗin wanki a ruwan don a gan shi da kyau. Yaron mai walda ya tsaya a ƙasa da sandarsa, Kawu a sama, a jira ruwa ya daina lilo, kowa ya faɗi lambar da ruwan ya tsaya a kai, malam ya cire ƙarama daga babba. Sai na ƙasa ya hauro ya tsaya daidai inda na sama ya ɗaga sandarsa. Gaɓa 15 suka yi. Jimillar tashi ta kama mita 12.6, wato kashi 4.2 cikin ɗari a tsawon tudun. Gaɓar da ta fi tsanani ta tashi mita 1.3 a cikin 20, kashi 6.5.

Lissafin da ke bayan 11 ɗin waya mai sauƙi ne. Tsananin hawa tashi ne a raba da nisa. In na'ura ta yi kuskuren mita ɗaya tak a cikin mita 20, ta ƙara kashi 5 ke nan. A tudu keke na tafiya a hankali, nisan da ake ci a daƙiƙa kaɗan ne, abin da ake rabawa da shi ya ƙanƙance, kuskure ya kumbura. Masu ƙera na'ura na magance wannan da ɗaukar matsakaicin daƙiƙoƙin da suka wuce, shi ya sa lambar ke zuwa a makare.

Wani abu kuma ya fito. Da malam ya hau tudun sau da dama ya ɗauki matsakaici, na'urarsa ta ba da tashin kusan mita 12 da asuba, amma da rana tsaka, zafi ya haura digiri 40, sai ta ba da 11.5. Lissafin da ke cikin irin waɗannan na'urori an gina shi a kan iska mai digiri 15 a bakin teku, mai raguwa da digiri 6.5 duk kilomita ɗaya na tsayi, wato yana zaton Zinder na da digiri 12. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi, don haka matsinta ba ya raguwa da sauri in an hau. Duk digiri 10 na ƙarin zafi na rage awon da kusan kashi uku da rabi cikin ɗari. A bazarar Damagaram ragin na kusantar kashi 10.

## Yuli zuwa Satumba 2024: damina

Daminar ta yi ƙarfi, ita ce ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, fita ma ta yi wuya. Ranar 28 ga Yuli hadari ya taso musu daga gabas suna hanyar dawowa. Da iskar gaban hadarin ta iso, sanyi ya sauko, na'urar ta nuna gangarar mita 19 cikin minti goma suna fake a ƙarƙashin rumfa. Iskar sanyi da ke zubowa daga hadari na ɗaga matsi farat ɗaya. Bayan ruwa kuma ɗigo ya rufe ramukan, lambobi suka yi ta tsalle har ta bushe. Babu gyaran da ya yi aiki a nan. Ya ja layi a kan duk ranar da hadari ya same su a hanya.

## Oktoba zuwa Nuwamba 2024: inda aka tsaya

A Lahadi shida daga 6 ga Oktoba, da tsarin nan na wanki, saiti a ƙofar gida da fita a sa'a ɗaya, na'urar ta ba da tsakanin mita 143 da 157 a hanyar Mirya. Fada ta amince a rubuta wa hanyar 150, a auna sauran hanyoyinsu uku da wannan na'ura ɗaya a ba kowace lambarta. Wanda ya kammala hanya ya samu lambar hanyar, ko wace waya ke aljihunsa. Hoton manhaja ya zama shaidar an je ne kawai.

## Hukunci

A ganina kuɗin na'urar bai kai rabin abin da ya warware lamarin ba. Kwamfutar da aka saya don ta zama alƙali ta ba da 61 a hanyar da ta ba da 150, cikin wata ɗaya. Gwaji uku ne suka yi aikin, kuma babu wanda ya ci ko dala: haɗa na'urori a keke ɗaya, wanda ya raba laifin mutum da na waya, ajiye na'ura a kan kanta, wanda ya raba motsin iska da motsin keke, da tiyon Kawu, wanda shi kaɗai ne a cikin labarin nan bai dogara da tauraro ko nauyin iska ba.

Lambar 150 ma ban ɗauke ta gaskiyar hanyar ba. Lamba ce mai maimaita kanta, abin da gasa ke buƙata ke nan. Mai yiwuwa ta gaza ainihin hawan da 'yan mitoci, saboda zafi na rage ta, matsin da ke tashi da safe ma na rage ta, kuma jimillar hawa ta dogara da ƙanƙantar tudun da aka yarda a ƙirga. Wanda ya sa shingen mita 2 da wanda ya sa na 10 ba za su taɓa haɗuwa a irin wannan ƙasa ba, ko da na'urorinsu ba su da aibi ko kaɗan.

Gyaran taswira ban ga ya cancanci watsin da aka yi da shi gaba ɗaya ba. Ga fadar da kowa waya yake riƙewa, shi ne mafita mafi araha, tunda ya tara wayoyi tara cikin tazarar mita 18. Inda ya gaza shi ne haɗa masu waya da masu baromita a littafi ɗaya, da kuma zanen tudu.

Lambar tsananin hawa da ke canzawa a allo ana cikin tafiya ita ce mafi rauni a duk abin da aka gwada. Matsakaicin tudu mai mita 300 ko fiye ana iya dogara da shi da kuskuren da bai wuce rabin kashi ba, in na'urar mai baromita ce kuma a wanke take. Na mita 20 zuwa 50 kuwa bai isa a kafa gardama a kansa ba, balle a fitar da hanyar ruwa ko a sa harsashi. A watan Nuwamba malam ya ƙara ɗan ma'aunin gudu a cibiyar tayar gaba don nisan da ake rabawa da shi ya daidaita. Tsalle-tsallen lambar a tafiyar hankali ya ragu sosai, amma jinkirin yana nan, daƙiƙa 10 zuwa 15 a tudun burjin.